Daga Jirgin Marayu Zuwa Ɗakin Kaka: Tarihin Riƙon Yara a Amurka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san riƙo tun kafin ya san sunan abin, domin da wuya a sami gida babba wanda babu ɗan riƙo ko 'yar riƙo a cikinsa: ga ɗan fari da aka kai yaye gidan kaka, ya miƙe ƙafa bai dawo ba sai da ya isa kaciya, ga yarinyar da goggonta, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta roƙa tun tana cikin zanen goyo, ta rene ta har ta yi mata gara, ga marayan da baffansa ya haɗa da 'ya'yansa a akushi ɗaya. Ba alƙalin da ya sa hannu, ba malamin ofis da ya rubuta suna a littafi, ba kuma kwabon da ya fito daga baitulmali. A ƙasar Amurka ma akwai abin da ya yi kama da wannan, sai dai can al'amarin ya rabu gida biyu: akwai riƙon dangi, wanda mutane ke yi a tsakaninsu kamar yadda muke yi, akwai kuma riƙon hukuma, inda kotu ke karɓe yaro daga hannun iyayensa, ya zama amana a wuyan gwamnatin jiha, ita kuma ta damƙa shi ga wani gida da ta ba lasin, tana biyan masu gidan kuɗin ci da sha da tufafi kowane wata. Yaran da ke cikin wannan riƙo na biyu kimanin 276,000 ne a shekarar 1985; kafin 1999 ta fita sun kai wajen 567,000, watau sun ninka har da ɗoriya cikin shekara 14. Mai saurin hukunci zai ce iyayen Amurka ne suka lalace a cikin ɗan wannan lokaci. Amma wanda ya bi tarihin abin daga tushe zai tarar cewa yawan yaran nan ya fi bin sawun kuɗin baitulmali, da ƙofar da aka buɗe da wadda aka rufe, fiye da yadda yake bin halin iyaye.

Asalin al'amarin daga Ingila ya taso. A shekarar 1601, a ƙarshen zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, aka kafa dokar matalauta, wadda ta ɗora wa kowace unguwar coci nauyin fakiranta, ta kuma ƙunshi hukunci biyu waɗanda suke ja-in-ja da juna har yau. Na farko, ta wajabta wa uba da uwa da kakanni, matuƙar suna da hali, su ciyar da nasu wanda ya rasa. Na biyu, ta ba wakilan unguwa ikon su ɗauki ɗan matalauci su ba da shi ga wani manomi ko mai sana'a, ya yi masa barance a bakin abinci da wurin kwana, namiji har ya shekara 24, mace har 21 ko ta yi aure. Turawan da suka ƙetare teku suka zauna a Amurka sun tafi da wannan doka a cikin kayansu, tare da tunanin da ke ƙarƙashinta, watau cewa ɗan'uwa ba a biyansa don ya riƙe nasa, tun da yake wajibinsa ne, bare kuwa sai an sāka masa, ko da kuɗi ko da gumin yaron.

A tsakiyar ƙarni na 19 birnin New York ya cika ya batse da baƙi daga Ailan da Jamus, masu gudun yunwa da fitina, kwalara da tarin fuka suna ta ɗibar iyaye, yara dubbai suna kwana a bakin shaguna da ƙarƙashin matakala, waɗansu suna tallar jarida da ashana, waɗansu suna 'yan sace-sace. Sai wani matashin malamin Kirista mai suna Charles Loring Brace ya kafa ƙungiyar agajin yara a 1853, bisa ra'ayinsa na cewa gidan marayu kurkuku ne da aka sāke wa suna, kuma babu maganin ɗan birnin da ya ɗauko lalacewa irin gona da teburin manomi mai tsoron Allah. A ƙarshen Satumba na 1854 ƙungiyar ta tura ayarinta na farko, yara fiye da 40, ta jirgin ruwa da na ƙasa, zuwa wani ɗan gari da ake kira Dowagiac a jihar Michigan. Yadda abin ya riƙa gudana daga baya shi ne, tun kafin jirgi ya iso an manna takardu a gari, an buga a jarida cewa ga yara nan tafe masu neman gida. Ran da suka sauka sai a wanke su, a sa musu sababbin tufafi, a jera su bisa dandamali a coci ko ɗakin taro, manoma su zo da matansu suna zagayawa, wannan ya matsa damtsen yaro ya ji ƙwarinsa, wancan ya buɗe masa baki ya duba haƙora, tamkar mai cinikin ɗan maraƙi a kara. Wanda aka zaɓa ya bi sabon ubangidansa. Wanda aka bari a mai da shi jirgi a nufi gari na gaba, kuma sau da yawa a nan wa da ƙane suke rabuwa, rabuwar da ba a sāke saduwa.

Daga 1854 zuwa 1929 an kwashe yara kimanin 200,000 ta wannan hanya, ita ce aka yi wa laƙabi da jiragen marayu. Waɗansu sun dace, har biyu daga cikinsu, Andrew Burke da John Brady, suka zama gwamnoni, ɗaya a Dakota ta Arewa, ɗaya a Alaska. Waɗansu kuwa sun faɗa hannun da ya mai da su bayi a kowane fanni in ban da suna. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin yaran ba marayu ba ne na haƙiƙa, suna da uwa ko uba a raye, suna da kawunnai da goggonni a lungunan birnin, laifinsu kawai babu. Brace bai ɗauki waɗannan dangi a bakin kome ba face wani ɓangare na cutar da yake son raba yaron da ita, shi ya sa nisan tafiyar ya zama shi ne maganin. Mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda suka ga ana kwasar 'ya'yansu ana zubawa a gidajen Furotesta, suka ɗauki abin a matsayin satar addini, suka gina nasu gidajen marayu, daga baya ma suka riƙa tura nasu jiragen zuwa gidajen 'yan ɗariƙarsu.

Kafin ƙarnin ya ƙare mutane sun soma ƙyamar wannan ciniki, jihohin yamma suna kukan an mai da su juji, jihar Massachusetts kuwa ta riga ta kama wata hanya tun ƙarshen shekarun 1860, ta biyan magidanta kuɗin ciyarwa domin kada su fanshe ɗawainiyarsu daga ƙwadagon yaro, wanda shi ne mafarin riƙon hukuma kamar yadda aka san shi yanzu. A watan Janairu na 1909 Shugaba Theodore Roosevelt ya tara masana da shugabannin ƙungiyoyin agaji kimanin 200 a fadarsa ta Washinton, suka yi kwana biyu suna mushawara, suka tashi a kan cewa bai halatta a raba yaro da gidansu saboda talauci kaɗai ba, in iyayen mutanen kirki ne a taimake su su riƙe abinsu, in kuwa rabuwa ta zama tilas, to gidan iyali ya fi gidan marayu. Daga wannan matsaya aka sami abin da suka kira fanshon uwaye, wanda jihar Illinois ta kafa wa doka a 1911, kafin shekara goma kuma jihohi kusan 40 suka bi sahu. Sai dai an gindaya sharaɗi guda, cewa lalle gidan ya zama wanda ya dace da tarbiyya, aka kuma bar wa ma'aikacin ofis ya yanke wane gida ne ya dace; saboda haka matar da mijinta ya mutu, in farar fata ce mai zuwa coci, takan samu, amma sakakkiya, da wadda miji ya gudu ya bari, da wadda ta haihu ba aure, sukan koma hannu rabbana. Binciken da ofishin yara na tarayya ya yi a 1931 ya nuna cewa a cikin kowane iyali 100 masu karɓar kuɗin, 3 ne kawai baƙaƙen fata.

Da karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta kwantar da jihohi, sai gwamnatin tarayya ta shigo. Babbar dokar kare rayuwar jama'a wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a Agusta na 1935 ta ƙunshi babi na agajin yaran da suka rasa mai ciyarwa, kuma wanda ya karanta babin zai ga an jera mutanen da za a iya ba kuɗin in yaro yana hannunsu: uba, uwa, kaka namiji ko mace, wa ko ya, mijin uwa ko matar uba da 'ya'yansu, kawu ko baffa, goggo ko inna. A zahiri wannan karramawa ce ga zumunci. A baɗini kuwa ita ce ta tsayar da dangi a layin masu karɓar sadakar gwamnati, inda kuɗin ɗan kaɗan ne, kuma yana ƙara ƙanƙancewa ga yaro na biyu da na uku, alhali baren da hukuma ta damƙa wa yaro yana wani layi dabam, inda ake biya kai-da-kai, kowane yaro da nasa cikakken kaso.

Abin da ya haɗa layukan nan biyu ya faru ne a jihar Louisiana a 1960, ana tsakiyar rigimar haɗa yara baƙaƙe da farare a makaranta ɗaya. Majalisar jihar ta zartar cewa gidan duk macen da ta haihu ba aure gida ne da bai dace ba, aka soke sunayen yara kimanin 23,000 daga littafin agaji a lokaci guda, galibinsu baƙaƙen fata, aka bar su a gidajen da aka ce ba su dace ba, ba abinci ba kuɗin haya, har ta kai ana aiko musu da agaji daga Ingila. Ministan lafiya da ilmi da jin daɗin jama'a na tarayya a lokacin, Arthur Flemming, ana saura kwanaki kaɗan ya bar ofis a Janairu na 1961, ya yanke cewa jiha ba ta da ikon yanke wa yaro agaji bisa hujjar gidansu bai dace ba alhali ta bar shi a cikin gidan. Ko dai ta gyara gidan, ko ta fitar da yaron ta sama masa wani. A cikin shekarar nan Majalisar Tarayya ta buɗe jakar kuɗi domin biyan riƙon irin yaran da kotu ta fitar daga gidajen masu karɓar agaji. Niyyar Flemming ta alheri ce, ba mai shakka. Amma gyaran gida aiki ne mai tsawo wanda kuɗinsa ba shi da tabbas, fitar da yaro kuwa aikin yini ɗaya ne wanda tarayya ta yi alkawarin ɗaukar kasonta na kuɗinsa, kuma ruwa, kamar yadda aka sani, inda ya ga gangare nan yake bi.

Shekara guda bayan haka wani likitan yara a birnin Denver, Henry Kempe, tare da abokan aikinsa, suka wallafa bayani a kan jariran da ake kawowa asibiti da karaya da ƙuna waɗanda ba faɗuwa ce ta jawo su ba, hankalin ƙasa ya tashi, kafin 1967 ta ƙare kowace jiha ta yi dokar kai rahoton cin zalin yara, a 1974 kuma tarayya ta yi tata. Babu mai musun cewa akwai yaran da ceto su daga hannun iyayensu farilla ne, kuma dokokin nan sun tsirar da rayuka. Amma tarun da aka saƙa domin azzalumi ya fi kama matalauci, domin dokokin sun haɗa duka da abin da suka kira sakaci, sakaci kuwa ya ƙunshi rashin abinci, da rashin ɗaki mai ɗumi, da barin yaro shi kaɗai don uwa ta tafi aikin dare, kuma har yau shi ne dalilin da aka fi rubutawa a takardun karɓe yara, kusan shida cikin goma. Wajen 1977 yaran riƙon hukuma sun kai rabin miliyan, da yawansu suna yawo daga wannan gida zuwa wancan shekara da shekaru, ba a mai da su ga iyaye ba, ba a ba su wasu na dindindin ba. Waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna su ne 'yan asalin ƙasar, da Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, waɗanda tun daga makarantar kwana ta Carlisle da aka buɗe a 1879 ake raba su da 'ya'yansu. Binciken 1969 da na 1974 ya nuna daga rubu'i zuwa sulusin yaransu an ɗauke su, sau da yawa don kawai ma'aikaciyar hukuma ta zo ta tarar da yaro a hannun kaka ko inna, ta rubuta cewa uwarsa ta yar da shi. Dokar 1978 da aka yi dominsu ita ce ta fara tsara cewa dangin yaro su ne a gaba, sa'an nan 'yan ƙabilarsa, kafin a waiwayi bare. A 1980 kuma aka wajabta wa jihohi su yi iyakar ƙoƙari kafin su raba yaro da gidansu, adadin ya yi ta sauka har zuwa tsakiyar shekarun 1980.

A tsakanin dokokin nan biyu Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a wadda ta sāke fasalin al'amarin duka, ita ce shari'ar Miller da Youakim. A 1969 jihar Illinois ta karɓe yara huɗu 'yan ɗaki ɗaya daga hannun uwarsu, ta raba su a gidajen bare, tana biyan cikakken kuɗin riƙo. A 1972 sai ta mai da biyu daga ciki hannun yayarsu da mijinta, bayan ta duba gidan ta tabbatar ya cika duk sharuɗɗan da ake nema ga bare. Amma da aka zo biya sai aka ce tun da ita 'yar'uwa ce, dokar jiha ba ta ɗauki gidanta gidan riƙo ba, aka ba ta kuɗin agaji wajen dala 63 a wata ga kowane yaro, maimakon dala 105 da ake ba wanda bai haɗa jini da su ba. Ma'auratan suka auna suka ga abin ba zai riƙe su ba, suka ce ba za su iya karɓar sauran biyun ba. Watau dala 42 ce ta tsaya tsakanin 'yan'uwa huɗu da kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. A Fabrairu na 1979 kotun, ta bakin Mai shari'a Thurgood Marshall, ta yanke ba tare da saɓani ba cewa matuƙar yaro ya cancanci kuɗin tarayya, gidan kuma ya cika sharuɗɗa, to kasancewar mai riƙo ɗan'uwa ba hujja ba ce ta tauye masa haƙƙi.

Ba a daɗe da buɗe wannan ƙofa ba sai musibu suka sauko a jere. Daga wajen 1985 wata irin hodar iblis mai araha, wadda ake dafawa ta daskare a sha hayaƙinta, ta mamaye unguwannin matalauta a manyan birane; cutar ƙanjamau ta bi ta cikin unguwannin tana kashe uwaye matasa, har asibitocin New York suka cika da jariran da aka sallama amma ba mai zuwa ɗauka. Hukuma ta amsa da kurkuku. Dokar 1986 ta yanke ɗaurin shekara 5 na tilas a kan giram 5 na dafaffiyar hodar, daidai da hukuncin giram 500 na garinta wanda masu hali suka fi sha, matan da ke gidajen yari suka tashi daga kimanin 13,000 a 1980 zuwa fiye da 90,000 a 2000. In aka ɗaure uba, tara cikin goma yaro yana nan hannun uwarsa. In aka ɗaure uwa, fiye da rabi sai kaka, wani kaso kuma sai hukuma. A lokaci guda kuɗin agajin uwaye yana ta zaizayewa a ɓoye, domin jihohi sun ƙi ƙara shi gwargwadon tsadar kaya, har darajarsa ta faɗi da kusan rabi tsakanin 1970 da 1996. Masana tattalin arziki biyu, Christopher Swann da Michelle Sylvester, waɗanda suka bi alƙaluman jihohi na 1985 zuwa 2000 suka wallafa sakamakon a 2006, sun sami cewa abubuwa biyu da suka fi kowane tasiri wajen kumburar riƙon hukuma su ne ɗaure mata, wanda shi kaɗai ya ɗauki kusan sulusin ƙaruwar, da kuma raguwar kuɗin agaji.

To, ina aka zuba waɗannan yara, tun da gidajen bare masu lasin sun yi kaɗan? Da yawansu a ɗakin kaka. Sai dai kakar da ta nemi cikakken kuɗin riƙo dole ta yarda jikanta ya zama ɗan hukuma, ita kuma ta zama kamar ma'aikaciya a cikin gidanta: a ɗauki hoton yatsunta da na duk baligin da ke gidan a bincika ko sun taɓa laifi, a auna faɗin ɗakin kwana, a ƙirga gadaje, a duba na'urar jin hayaƙi a rufi, a tura ta ajin koyon reno ita da ta reni 'ya'ya har suka haifi nasu, ma'aikaciya tana zuwa kowane wata da littafinta, kuma ba ta da ikon kai yaron wata jiha ziyara sai da izini. In ta ƙi wannan duka, ta koma layin agaji ta karɓi ɗan abin da bai kai rabi ba. A jihar Illinois abin ya kai ga cewa yaron da uwarsa ta ajiye wurin kaka ta ɓace, ko da yana cikin ƙoshi da tsabta, ana iya rubuta shi a cikin waɗanda aka yi wa sakaci, ya shiga riƙon hukuma bai motsa daga gadon da yake kwana ba. Yaran riƙon jihar suka haura 50,000 a 1997, fiye da rabinsu a hannun dangi. Da jihar ta gyara ma'anar sakaci a 1995, ta kuma soma ba kakanni waliccin yaro na dindindin tare da ci gaba da biyansu, sai bayan 1997 adadin ya gangaro ƙasa da 20,000 cikin shekara goma, ba don iyayen Illinois sun shiryu a dare ɗaya ba.

A Agusta na 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rushe tsarin agajin 1935, aka maye gurbinsa da agajin wucin gadi: dunƙulen kuɗi ƙayyadadde, dala biliyan 16.5 a shekara ga jihohi duka, da sharaɗin aiki, da iyakar shekara 5 a tsawon rayuwar mutum. Jakar riƙo kuwa aka bar ta a buɗe ba iyaka, duk yaron da ya cancanta tarayya za ta biya kasonta. Sai dai an ɗaure cancantar da ma'aunin talauci na tsohon tsari kamar yadda yake ranar 16 ga Yuli 1996, ma'aunin da ba a taɓa ɗaga shi ba, saboda haka har yau ma'aikaci yana auna samun uwa da mudun shirin da ya mutu tun shekaru da dama. Dokar 1997 ta ƙara da cewa in yaro ya yi wata 15 cikin 22 a riƙo, a nemi kotu ta yanke alaƙarsa da iyayensa, wa'adin da macen da aka ɗaure shekara biyu ba ta da yadda za ta cika, ko da yake an togace yaron da ke hannun dangi. A 1996 a cikin kowane iyali 100 matalauta masu yara, 68 suna samun agajin kuɗi. Bayan shekara 20 da 'yan kai ba su kai 25 ba.

Gaskiya ne adadin yaran riƙo ya sauka bayan 1999, har ya kai wajen 397,000 a 2012, domin an ƙarfafa mai da yara 'ya'yan gida na dindindin, dokar 2008 kuma ta wajabta sanar da dangi cikin kwana 30 da karɓe yaro, ta ba jihohi damar biyan walicci irin na Illinois. Amma da annobar ƙwayoyin kashe zafin ciwo dangin ofiyam ta ɓarke, wannan karon har a ƙauyukan fararen fata na jihohi irin su Ohio da Virginia ta Yamma, sai adadin ya sāke hawa ya wuce 430,000 a 2017, kusan sulusinsu a hannun dangi. Sai a 2018 aka yarda a taɓa jakar riƙo domin yi wa iyaye magani da horo tun yaro bai bar gida ba, a 2023 kuma aka ba jihohi izinin sassauta sharuɗɗan lasin ga dangi. Duk da haka yaran da ke littafin hukuma 'yan tsiraru ne in aka gwada su da fiye da miliyan 2 waɗanda kakanni da goggonni da kawunnai ke riƙe da su ba tare da iyaye a gidan ba, mafi yawansu ba kotu ba lasin ba kuɗin riƙo. Kuma ba a ce kowane riƙon dangi alheri ne ba, can da nan, domin mu ma mun san ɗan riƙon da ake yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne na farkon tashi, shi ne na ƙarshen cin tuwo.

Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe abubuwan nan tun da daɗewa: reno haƙƙin uwa ne, in ta gaza sai uwarta, sa'an nan 'yar'uwar uwa, a bi jeri, nafaƙa tana wuyan uba ko da yaron ba ya hannunsa, tsintacce kuwa, wanda ba a san nasa ba, ciyar da shi a kan baitulmali yake. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa wani dare Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, yana gadin wani ayarin fatake da ya sauka a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, sai ya ji jariri yana ta tsala kuka. Ya je ya yi wa uwar magana ta rarrashe shi, ya koma, kukan bai tsaya ba, har sau uku, a na ƙarshe ya yi mata faɗa. Matar, ba ta san da wanda take magana ba, ta ce masa yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai wanda aka yaye. Aka ce da asuba ya ja salla mutane ba sa gane karatunsa saboda kuka, da ya sallame ya zargi kansa da alhakin 'ya'yan Musulmi da wannan ƙa'ida tasa ta halaka, ya sa mai shela ya zaga yana cewa kada kowa ya gaggauta yaye, daga yau kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa, ya kuma rubuta haka zuwa ga gwamnonin larduna. Bai aika a karɓe jaririn ba, bai sa a binciki ko shimfiɗar matar ta dace ba. Ya gane cewa hannun da ke cire yaron daga nono nasa ne, ta hanyar sharaɗin da ya gindaya wa kuɗi, sai ya janye sharaɗin, uwar ta mai da ɗanta ga mama.